Daɗin Shirme: Finafinan da Ake So Saboda Aibinsu

A cikin finafinan da ake kallo a duniya akwai wani rukuni da masu nazarin fim suka daɗe suna rasa inda za su ajiye shi, domin bai shiga sahun waɗanda ake yabo saboda gwaninta ba, bai kuma bi sahun waɗanda ake mantawa da su saboda rashin armashi ba. Waɗannan su ne finafinan da aibinsu ya fito fili, labarinsu ba kai ba gindi, 'yan wasansu ba su goge ba, siddabarun cikinsu kuwa ko yaro ba ya ruɗuwa da shi, amma duk da haka suka samu 'yan gani-kashe-ni da ke maimaita kallonsu shekara da shekaru, suna haddace maganganun cikinsu, suna kuma jan abokai su zo su gani da idonsu. Masu wannan sha'awa sun san aibin sarai, hasali ma shi ne ya kawo su, domin a wurinsu kwamacalar da ta kai maƙura takan ba da nishaɗin da fim mai tsari ba ya iya bayarwa. An fi jin labarin wannan al'ada daga Amurka da Turai, inda aka yi mata littattafai da bukukuwa, amma masu kallo Hausawa sun san ta tun kafin a yi mata suna, kuma ɗaya daga wuraren da suka fi dacewa a tsaya a dube ta shi ne birnin Lome na ƙasar Togo.

Dalilin haka yana cikin yanayin garin. Lome, wadda Jamusawa suka mayar babban birnin mulkinsu a 1897, tana manne da iyakar Gana ta Aflao, tana kuma kan hanyar bakin teku da ta bi ta Kwatano ta kai Legas, sannan tana da tashar jiragen ruwa da ke sauke haja daga Asiya zuwa ƙasashen da ba su da teku, irin su Nijar da Burkina Faso. Cibiyar cinikinta ita ce unguwar Adawlato, inda babbar kasuwar da mutanen gari ke kira Assigame take, kuma a nan ne 'yan Zango, Hausawa da sauran Musulmin da suka gangaro daga arewa da fataucin goro da shanu da tufafi, suka daɗe suna kasa kayansu. An rushe tsohon Zangon da ke tsakiyar gari a 1977, aka mayar da mutanensa arewacin birnin, wajen Togblekope, kamar yadda masani Michel Agier ya bayyana a littafinsa na 1983 kan fataken Zangon Lome, amma harkar kasuwa ba ta tashi daga Adawlato ba. Ɗan Zangon Lome yana magana da Hausa a gida, da Mina a kasuwa, da Faransanci a ofis, ga kuma Gana da Najeriya a kusa, saboda haka fim ɗin Indiya da na Cainis da na Kano da na Legas da na Kumasi duk sukan taru a gabansa, kuma mafi yawansu a harshen da ba ya ji sosai. Wanda ya saba kallon fim a harshen da ba ya ji yakan koyi cika giɓin da kansa, wannan kuwa shi ne tushen al'amarin baki ɗaya.

Tun zamanin gidajen silima ba a kawo wa Afirka ta Yamma zaɓaɓɓun finafinai ba. A ƙasashen renon Faransa kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe harkar raba finafinai har zuwa farkon shekarun 1970, kuma abin da suka fi shigowa da shi shi ne masu araha: na kaboyi, na yaƙi, na Indiya, daga baya na kokawar Sinawa. A Kano ma haka abin yake, inda 'yan kasuwa Kwarori suka gina silimu irin su Rex a 1937, suka kuma shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950. Masu kallo ba su karɓi waɗannan finafinai hannu biyu a matsayin baƙi ba, sai suka raɗa wa 'yan wasan sunaye na gida, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, kamar yadda masani Brian Larkin ya tattara a bincikensa na Kano. Tun a 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya lura da irin tasirin da finafinan kaboyi ke yi wa samari, ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu.

Sai dai zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 shi ne ya buɗe ƙofar sosai, domin ya kawo gidan kallo, wato ɗaki ko rumfar kwano da ake shiga da kuɗi kaɗan a kalli fim a akwatin talabijin. Tsarinsa kusan ɗaya ne daga Zangon Lome har Kumasi da Maraɗi da Kano: bencina a jere, talabijin a ɗore kan tebur mai tsayi, janareta na ruri a waje, allo a bakin ƙofa da aka rubuta sunan fim da alli, yara kuma na leƙe ta hudar kwano. Kaset ɗin an kwafe shi daga kwafi har hoton ya yi hazo, sautin ya shaƙe, ga zafi, ga hayaniya. A irin wannan ɗaki ba a kallo shiru. Idan akta ya yi tsalle daga ƙasa ya dira kan rufin bene, sai ɗaki ya ɗauki ihu, wani ya ce wannan ƙarya ce tsagwaronta, wani ya rantse cewa Sinawa suna yin abin da ya fi haka, wanda ya taɓa ganin fim ɗin kuma yana faɗin abin da zai faru kafin ya faru, ana yi masa tsawa ya yi shiru. Idan bos ya sha harsashi goma bai faɗi ba, ba wanda ke neman a mayar masa da kuɗinsa, sai dai a roƙi mai gidan kallo ya mayar da kaset baya a sake ganin wurin.

Abin da ya cika waɗannan ɗakuna, musamman a ɓangaren finafinan Cainis, shi ne irin hajar da masu tara finafinan shirme a Turai ke nema ruwa a jallo a yau. Bayan mutuwar Bruce Lee a Yulin 1973, kamfanonin Hong Kong da Taiwan sun shiga neman masu kama da shi, suna raɗa musu sunaye masu kusa da nasa, Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee, domin mai saye ya ruɗe. A fim ɗin The Clones of Bruce Lee an tara da yawansu wuri ɗaya, aka ce wai wani masanin kimiyya ne ya ƙera su daga jikin mamacin. A The Dragon Lives Again na 1977 kuwa an nuna jarumin ya farka a duniyar matattu ta tatsuniyar Sinawa, yana faɗa da Dracula da James Bond, yana kuma abota da Popeye, wanda asalinsa zanen barkwanci ne na yara. Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne darakta Godfrey Ho, wanda dabararsa ita ce kamfani ya sayi wani tsohon fim na Taiwan ko Koriya ko Tailan da bai yi kasuwa ba, a ɗauki 'yan fitowa kaɗan na Turawa sanye da kayan ninja masu launi, a yanka a cusa su a ciki, sannan a ɗora sabuwar magana da za ta haɗa labarai biyu da ba su san juna ba. Shi ya sa a finafinansa ake yawan ganin mutum biyu suna magana ta tarho, domin a gaskiya ba a fim ɗaya suke ba. Mayaƙan sirrin nasa sukan ɗaura ƙyalle a goshi da aka rubuta Ninja ɓaro-ɓaro, kuma a Ninja Terminator jarumin yana karɓar saƙon barazana ta tarho mai siffar kyanwar nan Garfield. Ɗan wasan Amurka Richard Harrison ya sha kokawa cewa finafinai kaɗan ya amince ya yi, amma aka yayyanka fitowarsa aka watsa cikin finafinai masu yawa ba da saninsa ba.

A maƙwabciyar Lome, wato Gana, wannan zamani ya haifi wata sana'a da ta zarce finafinan kansu a ban mamaki. Masu yawo da bidiyo da janareta ƙauye-ƙauye suna buƙatar abin talla, ga shi babu fastar da aka buga, sai suka riƙa ba masu zane aikin zana ta da fenti a kan buhunan fulawa da aka farke aka ɗinke biyu-biyu, domin buhu yana naɗuwa, yana kuma jure rana da ruwa. Mazana irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J sau da yawa ba su ga fim ɗin ba, sai dai kwalin kaset ko labarin baki, kuma aikinsu shi ne su ja mai wucewa ya tsaya, saboda haka sukan ƙara wa jarumi damatsa har su fi kansa girma, su ba shi bindigar da babu ita a fim, su zuba jini da macizai ko da labarin na soyayya ne. Sana'ar ta ja baya a ƙarshen shekarun 1990 da bugaggun fastoci suka yi araha, amma littafin Ernie Wolfe mai suna Extreme Canvas na shekarar 2000 ya kai ta idon duniya, yau kuma akwai gidan baje zane a Chicago, Deadly Prey Gallery, da ke sayar da irin waɗannan zane-zane.

Idan aka waiwaya Amurka za a ga cewa al'adar da ake ta rubutu a kanta ba ta bambanta da ta gidan kallo ba sai a tsari. Fim ɗin da aka fi buga misali da shi shi ne Plan 9 from Outer Space na Ed Wood, wanda ya shiga silimu a ƙarshen shekarun 1950. Tauraronsa Bela Lugosi ya mutu a 1956 bayan an ɗauki 'yan mintuna kaɗan da shi, sai daraktan ya sa mai gyaran ƙashin da ke duba matarsa ya maye gurbinsa, ga shi ya fi mamacin tsayi, ba su kuma kama, don haka aka sa shi ya riƙa rufe fuska da alkyabba. Jiragen halittun wata duniya suna lilo a jikin zare, dare da rana suna musanyawa cikin fitowa ɗaya. Wani littafi da 'yan'uwa biyu, Harry da Michael Medved, suka fitar a 1980 ya naɗa shi mafi munin fim a tarihi, wannan naɗi kuwa shi ya raya shi. Na baya-bayan nan shi ne The Room na Tommy Wiseau, wanda ya fito a 2003 bayan an ce ya ci kusan dala miliyan 6, ya kuma faɗi warwas a kasuwa, amma daga baya ya koma fim ɗin da ake nunawa tsakar dare ɗaki cike, masu kallo suna amsa wa 'yan wasa magana, suna jifan allo da cokulan roba duk sa'ad da aka hango hoton cokali da ke ajiye a falon jarumin. Tun 1988 ma akwai shirin talabijin mai suna Mystery Science Theater 3000 da ba ya komai sai nuna finafinai marasa kyau tare da masu sharhi na zolaya a gaban allo. A duk waɗannan wurare taron masu kallo ne ke kammala fim ɗin, kuma wanda ya zauna shi kaɗai a ɗaki ya kalli The Room ko Ninja Terminator yakan gaji tun kafin a kai rabi.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye, wanda marubuciyar Amurka Susan Sontag ta ja hankali gare shi a wata maƙala ta 1964, wato tsakanin shirmen da mai shi bai san yana yi ba da wanda aka yi da gangan. Ed Wood da Tommy Wiseau da gaske suke, suna ganin babban aiki suke yi, wannan gaskiyar niyya tasu ce ke sa dariyar ta zo tare da wani abu mai kama da tausayi. Finafinan Hausa da ake kira camama kuwa na rukuni na biyu ne. Tun bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 da bunƙasar harkar bayan fim ɗin Sangaya, 'yan masana'antar sun kasa kansu gida biyu: masu finafinan soyayya da rawa da waƙa, waɗanda ake ɗauka a gidajen alfarma, da kuma 'yan camama, masu finafinan barkwanci da ake ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki da kuɗi ƙalilan, galibi ba tare da cikakken rubutaccen labari ba, sai abin da ya zo bakin ɗan wasa. Sarkin wannan fage shi ne Rabilu Musa Ibro, tsohon ma'aikacin gidan yari daga yankin Wudil, wanda sunansa kaɗai a kan kwali ya isa ya sayar da fim. Dabararsa ita ce ya ɗauki duk abin da duniya ke magana a kai ya shigar da shi rigar Bahaushen ƙauye: a Ibro Usama na 2002 ya fito a matsayin Usama bin Laden, a Ibro Saddam ya zama shugaban Iraƙi, a Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba, a Ibro Ɗan Indiya kuma ya juya waƙoƙin Indiya yadda ya ga dama. Gemun da aka manna a karkace da bindigar itace da fadar shugaban ƙasa da kowa ya ga ɗakin soro ce ba kuskure ba ne da aka kasa ɓoyewa, su ne abin dariyar, kuma mai kallo da ɗan wasa duk sun san haka.

Wannan salo yana da saiwa mai zurfi a ƙasar Hausa, domin 'yan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai suna mayar da shi zancen tuwo da miya, yara masu tashe a watan azumi sukan manna gemun auduga su fito a matsayin tsoho, ba kuma wanda ke tsammanin audugar ta ruɗe shi. Wasannin talabijin irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karkuzu na Jos su ne gadar da ta haɗa dandali da kaset. Saboda haka kuskure ne babba a jera Ibro da takwarorinsa irin su Bosho da Daushe cikin waɗanda suka gaza, domin sun cimma abin da suka nufa, kuma masu raina camama a cikin 'yan boko sun manta cewa a shekarun da kasuwar kaset ke tashe waɗannan finafinai ne suka fi shiga ƙauyuka da zangunan ƙetare, inda barkwancin jiki da na fuska ba ya buƙatar mutum ya iya Hausar Kano. Hanyar ba ta kasance shimfiɗaɗɗiya ba, domin a 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ɗaure Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, amma guntayen finafinansa suna nan suna yawo daga waya zuwa waya a hannun yaran da ba su taɓa riƙe kaset ba.

Akwai rukuni na uku da ya fi waɗannan biyun jan hankalin mai nazari, shi ne na finafinan da burin mai su ya fi ƙarfin aljihunsa. A Turkiyya an yi Dünyayı Kurtaran Adam a 1982, inda aka yanko hotunan yaƙin sararin samaniya daga Star Wars aka haska su a bayan jarumi Cüneyt Arkın yana zaune da hular kwanon babur. A Najeriya Farouk Ashu-Brown ya fitar da Masoyiyata a 2003, wanda ya mayar da labarin Titanic na James Cameron zuwa Hausa, kuma masani Matthias Krings ya yi nazarinsa a littafinsa African Appropriations na 2015. A Gana wani darakta mai laƙabin Ninja ya fitar da fim mai suna 2016 a shekarar 2010, inda halittun wata duniya, waɗanda aka zana da kwamfuta a siffar dodannin Alien da Predator, suka kawo wa ƙasar hari, tallarsa kuma ta zagaye intanet har ta kai shirin barkwanci na talabijin a Amurka. Mafi shahara duka shi ne Isaac Nabwana na unguwar talakawa ta Wakaliga a Kampala, tsohon mai buga bulo, wanda ya harhaɗa kwamfutocinsa da kansa daga tsofaffin sassa, ya kuma fitar da Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai wuce dala 200 ba. Bindigogin fim ɗin an ƙera su da bututu da ƙarafan gwangwan, jirgi mai saukar ungulu da ke ragargaza gine-gine kuwa da kwamfuta aka liƙa shi, kuma kowa na ganin inda aka liƙa. 'Yan wasan su ne ke yawo gida-gida suna sayar da faifan cikin gaggawa kafin masu satar fasaha su riga su. Kwafin asali ya salwanta, wanda ya tsira shi ne mai ɗauke da muryar VJ Emmie, ɗaya daga masu sharhin da gidajen kallo na Yuganda ke ɗauka su riƙa fassara fim suna ƙara masa gishiri. Wannan murya ce ta mayar da fim ɗin abin so a duniya, har Nabwana ya ci kyautar 'yan kallo a bikin Fantastic Fest na Amurka a 2016 da Bad Black, aka kuma gayyaci tawagarsa babban baje kolin fasaha na Documenta a Kassel ta Jamus a 2022.

Hausawa suna da nasu kwatankwacin wannan sharhi a finafinan fassara, wato finafinan Indiya da ake cire muryoyinsu a ɗora na Hausa, sana'ar da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shahara da ita. Mai fassara ba ya tsayawa ga abin da aka faɗa, yakan sa wa ɗan daban kudancin Indiya sara da habaici irin na majalisar samarin Kano, ya raɗa masa suna, ya ba shi kirari, har fim ɗin da a ƙasarsa na tashin hankali ne ya koma na ban dariya a nan. Finafinan kudancin Indiya, inda mari ɗaya ke cilla mutum sama ya faɗa kan mota, sun dace da wannan aiki ƙwarai. Abin da ihun 'yan benci ke yi a gidan kallo shi ne mai fassara ya shigar cikin faifan, don haka mai sayen fim a wurin masu turawa a memori, a Kano yake ko a Zangon Lome, yana samun fim da taron kallonsa a haɗe.

Duk da haka ba kowace dariya ce abin yabo ba. Akwai dariyar da ke tafe da ƙauna, ta wanda ya ga jirgin Nabwana ya yi dariya, ya kuma jinjina wa mutumin da ya ƙi yarda talauci ya hana shi yin fim ɗin yaƙi, akwai kuma dariyar raini, ta wanda ke yanko minti ɗaya daga fim ɗin Afirka ya watsa a intanet domin ya nuna cewa mutanen nan ba su iya komai ba. Ta biyun zalunci ce, domin tana auna aikin dala 200 da ma'aunin aikin dala miliyan 200, tana kuma rufe ido ga cewa masu kallo na gida sun riga kowa ganin aibin, sun kuma riga kowa yin dariyar. A ɗaya ɓangaren, su ma masu camama ba a wanke su gaba ɗaya ba, domin wasu finafinansu sun dogara ga muzanta Bafulatani ko Bagwari ko Bamaguje, ko mayar da gurgu da kurma abin wasa, kuma barkwancin da ya halatta tsakanin taubasai a dandali yakan zama cin fuska idan aka buga shi a faifai aka kai shi inda ba a san wannan dangantaka ba. A zango, inda ƙabilu da dama ke zaune ƙofa da ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan da yawa daga finafinan shirmen Turai suna ɗauke da tsiraicin da bai dace da kallon iyali ba, kuma shaharar fim a wannan fage ba ta zama hujjar sa shi a gaban yara.

Babban abin damuwa shi ne waɗannan finafinai suna ɓacewa. Gidajen kallo sun koma na ƙwallon ƙafa, tsofaffin silimu sun rufe, ɗakin CanalOlympia da aka buɗe a Lome a 2017 kuwa domin sababbin finafinai masu tsada aka yi shi. Kaset yana cin danshi, musamman a gari na bakin teku, faifai yana karcewa, masu shagunan Ƙofar Wambai da Bata a Kano da yawansu sun sauya sana'a, kuma gobarar da ta cinye babban ginin kasuwar Adawlato a Janairun 2013 ta isa ta nuna cewa kasuwa ba ma'adana ba ce. Idan fim mai daraja irin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya shafe shekaru ana zaton ya salwanta kafin a gano shi a ma'adanar finafinai ta ƙasa da ke Jos, a gyara shi a Jamus, a nuna shi a bikin Berlin na 2018, to babu wanda zai tashi takanas ya ceto camamar da aka ɗauka cikin kwana uku a bayan gari, sai fa idan masu ita sun tashi. Alhali a cikin waɗannan finafinai ne aka adana karin maganar samarin wancan zamani da suturarsu da kamannin ƙauyukansu, da kuma yadda talaka ya fahimci manyan al'amuran duniya ya mayar da su abin dariya.

Saboda haka duk wanda ke da buhun tsofaffin kaset ko faifai a lungun shago ko ƙarƙashin gado, a Adawlato ko Agoe-Zongo ko Kumasi ko Kano, kada ya zubar da shi a bola. Ya nemi mai na'urar da za ta juye su zuwa kwamfuta tun hoton bai gama dushewa ba, ya rubuta sunan fim da shekararsa da sunayen 'yan wasan da ya iya tunawa, ya ajiye kwalin da fastar, sannan ya kai kwafi ga sashen nazarin Hausa ko na aikin jarida a jami'ar da ta fi kusa da shi.